Jirgin Apapa da Motar Tumatir

Duk wanda ya taɓa haɗa kuɗi da maƙwabtansa a Likoro aka yi lodin tumatir ko rake zuwa Kudu ya san kuɗin mota ba na mai da taya ba ne kawai. In hanya lafiya lau take, direba ya faɗi farashi, a ɗan ja, ɗan kamasho ya shiga tsakani, a daidaita. In kuwa a makon an ji cewa an tare hanyar Birnin Gwari, sai ya ɗora wani abu a kai, kuma ba mai bakin ce masa don me. Wani direban ma ko nawa za a ba shi ba ya zuwa. Wanda ya yarda sai ya ce shi ta Abuja da Lokoja zai zaga, ko kuma sai ya jira rakiyar sojoji. Tumatir kuwa ba ya jira: kafin a isa kasuwar Mile 12 a Legas na ƙasan kwando ya fara ruwa. Ɗan fashin bai taɓa kwando ko ɗaya ba, amma manomi ya riga ya biya.

Jirgin ruwan dakon kaya shi ma mota ce, sai dai girmansa ya wuce misali, kuma hanyarsa ba ta da gefen da za a faka. Sama da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta ruwa suke tafiya. Injin ban-ruwan da ke kuka a fadamun Kudan da rani, da maganin feshi, da babur, da tayar motar da ta kwashi tumatirin, galibinsu a cikin kwantena suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can ko Onne. Takin zamanin da ake haɗawa a gida ma, tun yarjejeniyar da aka yi da Maroko a 2016, sinadarin fosfet ɗinsa ta teku yake zuwa. Wasu kwantenonin har tashar tsandauri ta Kaduna, wadda aka buɗe a Janairun 2018, ake kawo su. Saboda haka in an ce an tare jirgi a Tekun Gini, ba labarin mutanen bakin ruwa ba ne su kaɗai.

An kuwa tare su, ba kaɗan ba. Hukumar IMB, mai tattara rahoton fashin teku na duniya, ta ƙidaya ma'aikatan jirgi 135 da aka yi garkuwa da su a duniya baki ɗaya a 2020, kuma 130 daga cikinsu a Tekun Gini aka ɗauke su. Ranar 23 ga Janairun 2021 wani jirgin kwantena mai suna Mozart, wanda Turkawa ke tuƙawa, ya baro Legas zai tafi Cape Town, aka cim masa can kusa da tsibirin Sao Tome. Ma'aikatansa 19 suka kulle kansu a ɗakin mafaka. Maharan suka shafe sa'o'i suna aikin fasa ƙofar har suka fasa, suka kashe wani injiniya ɗan Azarbaijan, suka tafi da mutum 15. Ukun da aka bari su ne suka lallaɓa da jirgin zuwa Gabon. Sai bayan kusan mako uku aka sako waɗanda aka kama, a cikin Najeriya.

Abin lura shi ne maharan ba su taɓa kwantena ba. A da, kafin farashin mai ya faɗi a 2014, abin da aka fi sani a wannan teku shi ne a kame jirgin dakon fetur ko gas, a kai shi wani lungu, a zuƙe man a juye cikin wani jirgi. Wannan aiki yana cin kwanaki, yana kuma bukatar mai saye. Da 'yan fashin suka gane cewa kyaftin da babban injiniya sun fi sauƙin ɗauka, kuma kamfani ba zai bar su a daji ba, sai suka bar kaya suka koma kan mutane. Direbobinmu sun ga irin wannan sauyi da idonsu. Da can ɗan fashi kuɗin aljihu da na cinikin kasuwa yake nema, ya kwantar da mutane a kwalta ya tafi. Yanzu direban da yaron motarsa yake kaɗawa cikin daji, ya bar mota da kayanta a tsaye.

Wani bincike da cibiyar Stable Seas ta fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa kuɗin fansar da waɗannan 'yan fashi ke samu a shekara bai wuce dala miliyan 5 ba, amma asarar da ƙasashen yankin ke tafkawa ta kai kusan dala biliyan 1.9. Akwai kuma kuɗin tsoro: inshorar da kamfanonin Landan ke ƙarawa duk jirgin da ya nufi ruwan Najeriya kamar mai shiga fagen yaƙi, da alawus ɗin haɗari na ma'aikata, da hayar jirgin rakiya, da jiragen da suka fasa zuwa gaba ɗaya. Mai jirgi ba ya biyan wannan daga aljihunsa. Yana ɗora shi a kan kwantena, ɗan kasuwar da ya shigo da kaya ya ɗora a kan dila, dila ya ɗora a kan mai shago a Zariya, daga nan sai ya sauka a kan mutumin da ya sayar da buhun masara ya zo sayen injin ban-ruwa.

To yaya ake hawa jirgin da tsawonsa ya haura mita 200? Tsohon direba zai ba ka amsa ba tare da ya taɓa ganin teku ba. Ba a tare mota inda take gudu a kan kwalta mai kyau. Ana jiranta ne a hawa, ko inda ramuka suka tilasta mata rarrafe, musamman in lodi ya danne ta. Jirgin da ya cika da kaya yakan nutsa sosai har bakinsa ya matso kusa da ruwa, ga shi da nauyin tafiya, ga ma'aikata ashirin ko ƙasa da haka a kansa, rabinsu suna barci. Maharan sukan zo a ƙananan kwale-kwale masu manyan injuna, su biyo ta baya inda na'urar hango jirage ba ta gani sosai, su maƙala dogon tsani mai ƙugiya, cikin 'yan mintoci sun hau. Wani lokaci suna da babban jirgin da ke goya kwale-kwalen, shi ya sa ake ganinsu ɗaruruwan kilomita daga gaɓa.

Matakan kariyar da ake bi yau a Somaliya aka koye su, da tsada. Bayan gwamnatin ƙasar ta rushe a 1991 ruwanta ya zama ba mai shi, har aka kai 2008 aka kame jirgin Sirius Star ɗauke da gangar ɗanyen mai miliyan 2 na Saudiyya, a 2011 kuma aka ƙidaya hare-hare 237. Abin da masu jirage suka tsara bayan haka ba ɓoyayyen ilimi ba ne. A ƙara gudu a wurin haɗari, domin an lura cewa jirgin da ke tafiyar kilomita 33 a awa ko fiye yana da wuyar hawa ƙwarai. A ƙara masu tsaye suna duba ruwa dare da rana. A kewaye bakin jirgi da waya mai reza, a jera mesar ruwa mai ƙarfi da za ta hana kafa tsani. A sanar da cibiyar sojojin ruwa lokacin shiga da fita. A mashigin Aden an ware hanya guda da jiragen yaƙi ke sintiri, ana tara jiragen kaya su wuce a jere, kamar yadda manyan motoci ke taruwa a bakin daji har sai sun yi yawa sannan su shiga tare. Daga baya aka fara ɗora masu gadi da bindiga, kuma hare-haren suka zube ƙasa warwas daga 2012.

Amma duk waɗannan, in ka cire bindiga, lokaci kawai suke saya. Ɗakin mafaka ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe, da ruwan sha da abinci da wayar kiran agaji, inda ma'aikata ke shiga su kulle, wani lokaci har su iya kashe injin daga ciki. Amfaninsa ya rataya ne a kan cewa akwai wanda ya ji kiran kuma yana tafe. Ma'aikatan Mozart sun yi duk abin da aka koya musu, ƙofarsu ta riƙe sa'o'i, ba wanda ya iso. Direban da ya kulle kansa a mota ya buga waya, in ofishin 'yan sanda mafi kusa ba shi da man zuwa, gilashi ne kawai tsakaninsa da daji.

Nan ne Najeriya ta yi abin da ya kamata a yaba mata. Ranar 10 ga Yunin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Deep Blue a Legas, na dala miliyan 195, ƙarƙashin hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta NIMASA, wadda a lokacin ɗan jihar Kaduna, Bashir Jamoh, ke shugabanta. An sayo manyan jiragen sintiri 2, da ƙananan jiragen farauta masu gudu 17, da jiragen sama 2, da masu saukar ungulu 3, da cibiyar da ke kallon teku dare da rana. Ƙasashen yankin kuma, tun yarjejeniyar Yawunde ta 2013, sun fara musayar labari, ta yadda wanda ya yi ɓarna a ruwan Benin ba zai tsira don ya tsallako na Najeriya ba. Hare-haren Tekun Gini suka sauko daga 81 a 2020 zuwa 34 a 2021, sannan 19 a 2022.

A ganina abin da ya fi jiragen nan muhimmanci takarda ce. Kafin 2019 Najeriya ba ta da dokar da ta ambaci fashin teku da sunansa, sai a kama mutum da bindiga a tsakiyar ruwa a rasa laifin da za a tuhume shi da shi. A watan Yunin shekarar aka sa hannu a dokar murƙushe fashin teku. A Yulin 2021 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure mutum 10 shekara 12 kowanne, saboda kame jirgin kamun kifi na Sin mai suna Hai Lu Feng II. Wanda ke shakkar amfanin wannan ya dubi abin da ya faru da Denmak: a Nuwamban 2021 jirgin yaƙinta ya yi musayar wuta da 'yan fashi a kudu da Najeriya, ya kashe huɗu ya kama huɗu, amma aka rasa ƙasa a yankin da za ta karɓe su ta yi musu shari'a. Ƙarshenta uku daga ciki aka sa su a ƙaramin kwale-kwale aka sallame su. Kowane direba ya san abin da ke biyo baya in wanda aka kama yana tare hanya ya dawo gari kafin motar da ya tare ta dawo daga Legas.

Duk da haka ɗan fashin teku ba a teku yake kwana ba. Mutanen da aka ɗauke daga jirgi cikin ƙoramu da dazukan ruwa na Neja Delta ake ɓoye su. Akwai mai sayar musu da mai, akwai mai dafa abinci, akwai mai cinikin fansa ta waya, akwai infoma a tashar jirage da ke faɗin wane jirgi zai tashi yaushe, kamar dai wanda ke zaune a tasha yana lura da motar da ta ɗauki mai kuɗi. Gaskiya ne malalar mai ta kashe kamun kifi a wurare da yawa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ce gyaranta zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Saurayin da kifi ya ƙare masa, kuma ya iya ruwa kamar tafin hannunsa, yana da sauƙin ɗauka aiki. Amma ban yarda talauci ne ke sayen injuna biyu masu tsada da bindigogi da man tafiyar kwanaki ba. Akwai masu zuba jari, kuma har yau yaran da ke hawa tsani ake gani a kotu, su kuwa masu kuɗin ba a cika jin sunayensu ba.

Akwai kuma waɗanda lissafin duniya ba ya ƙirgawa. Najeriya ba ta yarda baƙin masu gadi su shigo ruwanta da makamai ba, don haka babban kamfani yakan yi hayar jirgin rakiya mai ɗauke da sojojin ruwa. Masunci fa? Ko matar da ta ɗauko kayan miya a kwale-kwalen haya tsakanin Bonny da Fatakwal, hanyar da aka sha tarewa ana ƙwace injin a bar fasinjoji a tsakiyar ruwa? Su ba su da inshora a Landan, kuma labarinsu ba ya kaiwa IMB. Tsaron da sai mai iya biya ke samu bai kammala ba.

Abin tsoron yanzu shi ne sakaci. A farkon 2023 masu jirage suka cire ruwan Somaliya daga jerin wurare masu babban haɗari, da yawa suka sallami masu gadi. Kafin shekarar ta ƙare aka kame jirgin Ruen, wanda sai a Maris na 2024 sojojin ruwan Indiya suka ƙwato shi, kuma a watan nan ne aka kame jirgin Abdullah na Bangaladash da ma'aikata 23. A namu tekun ma an ɗauke mutum 6 daga jirgin Monjasa Reformer a Maris na 2023. Jiragen Deep Blue suna bukatar mai da kayan gyara da albashin masu tuƙa su kowace shekara, kuma NIMASA na ta fafutukar a cire wa kayan Najeriya ƙarin inshorar yaƙi, wanda ake ci gaba da caja duk da sauƙin da aka samu. Kasafin sojojin ruwa da na NIMASA ta Majalisar Tarayya suke bi, inda ɗan majalisar Makarfi da Kudan ke da ƙuri'a ɗaya daidai da ta ɗan majalisar Bonny. In ya zo gida neman ƙuri'a, ya dace ƙungiyar manoma da ta direbobi su tambaye shi matsayinsa a kai.