Wace bindiga ce ta dace da zaki a tsakiyar Kano?

A watan Oktoban 2019 zaki ya kuɓuce daga kejinsa a gidan namun daji na Audu Bako, mazauna unguwannin da ke kewaye suka kwana cikin zullumi. An shafe kusan kwana biyu kafin a mayar da shi keji da ransa. A Jos kuwa, a Disambar 2015, zakin da ya tsere harbe shi aka yi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: da tura ta kai bango a Kano, da wane harsashi za a yi harbin?

Dabba mai hatsari tana buƙatar harsashi mai nauyi wanda zai keta fata da ƙashi ya isa zuciya ko huhu. Shi ya sa ƙasashe da dama a gabashi da kudancin Afirka ba sa yarda a tunkari giwa ko ɓauna da abin da ya gaza .375, samfurin da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi a 1912. Nauyin ƙwayarsa kan kai giram 19. Na AK-47, wadda jami'an tsaronmu ke rataye da ita, giram 8 ne kacal, kuma don yaƙi aka ƙera shi. Yana iya raunata babbar dabba bai kayar da ita nan take ba, raunannen zaki kuwa ya fi lafiyayye haɗari.

Nauyi kaɗai bai wadatar ba. Akwai harsashi mai taushin baki da ke buɗewa cikin jiki, shi ake so ga zaki mai siririyar fata. Akwai sandararre da ke ratsawa, na giwa. A daji irin Yankari ko Falgore, sandararren da ya fita ta ɗaya gefen bishiya zai tarar. A Tarauni, bayan katanga akwai makaranta, kasuwa da ɗakin kwanan wani. Allurar sa barci ta fi aminci, sai dai takan ɗauki mintuna kafin ta kama jiki, saboda haka ƙwararru kan tsayar da maharbi a gefe.

A Alaska ta Amurka, masu shiga daji kan ɗaura ƙaramar bindiga mai ƙarfi, irin .44 Magnum, don kare kai daga dabbar beyar. A Najeriya wannan zaɓi kusan rufaffe ne. Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol cikin rukunin da sai shugaban ƙasa ke ba da izininsa, tare da bindigogin soja. Bindigar farauta ta zamani lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuwa lamarinta na matakin jiha.

Ita ce ta rage wa yawancin mafarautanmu. Ana ɗura mata albarushi ta baki, a cusa gutsattsarin ƙarfe, kowa da nasa awon. Idan ya yi kaɗan, dabba ta tsere da rauni ta mutu a banza. Idan ya yi yawa, bututun ya fashe a hannun mai ita. Harbi ɗaya ne, ɗuri na biyu sai an samu sarari, abin da gwanki ma ba ya bayarwa, balle zaki.

Riƙe ta ma ya zama haɗari. A Maris 2025, a Uromi ta jihar Edo, an kashe matafiya 16, mafarauta da ke hanyar komawa Kano bikin sallah, bayan 'yan sintiri sun ga irin waɗannan bindigogi a motarsu sun zarge su da garkuwa da mutane.