Jakara da kududdufan Kano: ruwan da birni ya juya wa baya

Wanda ya ratsa kasuwar Kurmi a yau, cikin cunkoson 'yan dako da ƙarar babura, da wuya ya yarda cewa daga itatuwa ta samo sunanta. A da can wani kurmi ne mai duhuwa a bakin rafin Jakara, kafin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwa a wurin. Ko a 1851 da Bature Heinrich Barth ya shigo Kano, ya tarar da ruwan Jakara kwance a tsakiyar birni.

Kududdufai kuwa hannun mutum ne ya haƙa su. Duk ƙasar da aka ɗiba aka gina ganuwa da soraye ta bar rami, damina ta cika shi. Nan ruwan unguwa yake gangarawa idan an yi mamako. Da rani magina su ɗebi na kwaɓa ƙasa, makiyaya su shayar da dabbobi, yara kuma su zauna a gefe da fatsa da gwangwanin tana suna jiran tarwaɗa ta ja. Ba a ce ba su da illa ba. Sauro gidansa ke nan, kuma iyaye da dama sun rasa 'ya'ya wajen wanka.

Sai dai yadda ake kawar da kududdufan abin takaici ne. A fara da zuba shara, a bi da tifar ƙasa, a wayi gari an yanka fuloti. Shi kuwa ruwa ba ya manta hanyarsa, da watan Agusta ya kama sai ya biyo lungu ya shigo zaure.

Masu lambu ne har yanzu suka san darajar Jakara. Daga inda ta fita birni har zuwa dam ɗin Wasai a Minjibir, za a ga injin ban ruwa yana tuttula ruwanta cikin fangalin latas da alayyahu da kabeji. Ruwan baƙi ne wuluk, na kwatoci ne haɗe da dagwalon masana'antun Bompai da rafin Getsi ke kawowa. Da asuba ake yankan ganyen a ɗaure shi, kafin hantsi ya isa kasuwannin birni.