Kafin a fasa bango, a nemi zanen waya

A Gidigir, kan babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Gure da Diffa, mai shago na son firiji, mai gida na son fanka, allunan sola kuma sai ƙaruwa suke a kan rufin gidaje. Sai dai galibi da ka ake ja wayar. Ma'aikaci ya duba ɗaki, ya ce a sayo nadi biyu, ya binne a bango, a shafe da siminti. Bayan shekara uku babu wanda ya san inda ta bi, har shi kansa.

Akwai manhajojin kwamfuta da ake zanen waya da su. AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar a 1982, ta kuɗi ce. QElectroTech kyauta ce, kuma tana aiki da Faransanci. A cikinsu ake zana hanyar kowace waya tun daga kwantar kamfanin wuta na NIGELEC ko batir har zuwa soket na ƙarshe, da kaurinta, da na'urar da za ta katse wuta idan nauyi ya yi yawa. Bisa ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100, wadda masu sana'ar a ƙasashenmu suka saba da ita, waya mai kauri 1.5 ta ƙwan fitila ce, mai 2.5 kuma ta soket.

Masu sola su ne suka fi buƙatar lissafin kaurin waya. Kayan da ke cin wat 120 a wutar bolt 220 kimanin rabin amfiya kawai yake ja, amma a batir mai bolt 12 amfiya 10 yake ja. Idan siririyar waya ta ɗauki wannan nauyi a tazara mai tsawo, wutar na raguwa a hanya, wayar na ɗaukar zafi. Ga kuma zafin Afrilu da Mayu da kan haura digiri 40, balle a ƙarƙashin kwano. Wanda ya ji labarin gobarar babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021 da ta Katsina a Maris ɗin shekarar ya san yadda wuta ke bin rumfuna idan ta samu kafa.

Amma fa kada kyan zane ya ruɗe ku. Kwamfuta abin da aka ba ta take lissafawa. Idan kun ɓoye cewa za ku ƙara injin markaɗe ko dutsen guga, zanen ya tashi a banza. Ba ta kuma ganin jabun waya, irin alminiyam ɗin da aka shafa wa jan ƙarfe. Ku kankare bakin wayar da wuƙa tun a shago. In ta yi fari, a mayar.

Wanda ba shi da kwamfuta ya zana da biro a takarda, ya rubuta kaurin kowace waya, ya sa hannu. Ku ɗauki hoton bangon kafin a yi shafe, ku adana tare da takardun fili.