Sabbin fayilolin heda sun iso: sai an sake gina glibc?

Masu amfani da Linux, musamman a Gentoo inda mutum ke gina manhajojinsa a kan kwamfutarsa, sukan tsaya cak idan fayilolin heda na kenel suka sabunta. Kenel shi ne zuciyar tsarin, shi ke hulɗa da na'ura kai tsaye. Fayilolin heda kuwa bayani ne na yadda manhaja za ta nemi aiki a wurinsa: lambar kowane kira da fasalin bayanan da za a miƙa. Laburaren glibc, wanda kusan kowace manhaja ta jingina da shi, yana karanta su ne lokacin da ake gina shi kawai. Da an gama ginin, ba ya sake leƙa su, kamar magini da ya naɗe zanen gida bayan an yi rufi.

Saboda haka sake ginin ba dole ba ne. Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991, ya daɗe yana tsaye kan ƙa'ida guda: sabon kenel ba zai lalata manhajar da ke aiki a kan tsoho ba. Ana ƙara sabbin kira, ba a sauya lambobin tsofaffi. Wani zai ce to ai sake ginin zai kawo sabbin abubuwan. Ba lallai ba. Kiran getrandom ya shiga kenel 3.17 a 2014, amma glibc bai samar da hanyar kiransa ba sai a sigar 2.25 ta 2017. Ko sau nawa aka gina tsohuwar siga da sabuwar heda, aikin da ba a rubuta a cikinta ba ba zai fito ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ga masu son a sake ginin ita ce ta littafin Linux From Scratch, mai cewa hedar da ke kan tsarin ta kasance wadda aka gina glibc da ita. Gargaɗin ya samo asali ne tun zamanin da ake haɗa tsarin kai tsaye da ɗanyen rubutun kenel, har kayan cikin gida na kenel su riƙa kutsowa cikin manhajoji. Yau tacewa ake yi, kuma tun kenel 3.7 a 2012 aka ware hedar da ta shafi manhajoji a wuri nata.

Inda ake ruɗewa shi ne direbobin da ake ɗorawa cikin kenel, irin na Nvidia da VirtualBox. Su ƙa'idar Torvalds ba ta kare su ba, dole a sake gina su duk lokacin da kenel ya sauya, aikin da manhajar DKMS ke yi da kanta a Debian da Ubuntu.