Yadda ɗigon ruwa ke taimaka wa likitoci gano iyakar sankara a ɗakin tiyata

Babbar damuwar likitan da ke cire ƙarin sankara ita ce sanin inda cutar ta tsaya. Idan ya bar ragowa, ciwon na iya dawowa. Idan kuma ya yanke fiye da kima, majinyaci ya yi asarar lafiyayyen nama.

Bisa al'ada, akan aika wani yanki ɗakin gwaji a daskarar da shi a duba, aikin da kan ɗauki kusan rabin sa'a, majinyaci kuwa na kwance cikin maganin barci.

Wannan jira ne masu bincike ke son ragewa ta amfani da na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadarai. Sai dai na'urar ba ta gane ƙwayar da ba ta ɗauke da cajin lantarki, kuma a da, sanya wa manyan ƙwayoyi irin su furotin caji kan farfasa su.

A shekarun 1980 aka shawo kan matsalar. Ba'amurke John Fenn ya riƙa fesa ruwan samfuri ta siririyar allura mai ɗauke da dubban bolt na lantarki. Da ɗigon ya bushe, sai ƙwayoyin su fito da caji ba tare da sun karye ba. Koichi Tanaka na Japan kuwa ya yi amfani da hasken leza. Dukansu sun samu kyautar Nobel a 2002.

A 2017, tawagar Livia Eberlin ta Jami'ar Texas da ke Austin ta gabatar da MasSpec Pen, wata na'ura mai siffar biro. Tana ajiye ɗigon ruwa kan nama na 'yan daƙiƙu, ruwan ya kwaso kitse da sauran sinadarai, sannan a zuƙe shi ta bututu zuwa na'urar awo, kwamfuta ta yi hukunci cikin kimanin daƙiƙa 10.

A gwajin samfura daga majinyata 253 na huhu, nono, thyroid da ke wuya da ƙwan mahaifa, sakamakon ya yi daidai da fiye da kashi 96 cikin 100, kuma naman bai lalace ba.

Duk da haka, na'urar awon na da tsada, tana buƙatar tsayayyiyar wutar lantarki da ƙwararrun ma'aikata. Har yanzu likitan da ke duba nama a ɗakin gwaji ne ke yanke hukuncin ƙarshe.