An sa sabon faifai, kwamfuta ta ƙi tashi: ina matsalar take?

Duk wanda ya san Tamaske, cikin gundumar Kaita ta jihar Tawa, ya san gari ne na fatake. Ƴaƴan Adar sun daɗe suna kai da kawo tsakanin gida da Kano da Yamai da Abijan, kuma a yau cikin tsarabar da suke dawowa da ita har da kwamfutar tafi-da-gidanka, galibi wadda aka riga aka mora a wata ƙasa. A cikinta ɗan kasuwa yake rubuta bashin da yake bi, a cikinta ma'aikaci yake ajiye rahotanni da jerin sunayen ƴan lakwal. Saboda haka ranar da na'urar ta ƙi tashi, ranar ce hankalin mai ita yake tashi.

Haka ta faru ga wani mai sayar da albasa a yankin. Kwamfutarsa ta yi nauyi, sai ya sayo sabon faifan ajiya irin wanda ake kira SSD, ɗansa ya juye masa duk abin da ke cikin tsohon zuwa sabon, suka ɗaura, suka kunna. Allo ya yi baƙi, sai layi ɗaya da ke cewa babu faifan da za a tashi da shi. Lissafin shekara uku yana ciki, ga masu bashi da ba su da wata shaida sai wannan. Da farko dai a kwantar da hankali: a mafi yawan irin wannan hali babu abin da ya ɓata. Kaya suna cikin ɗaki, hanyar ƙofa ce ta ɓace.

Me ya sa ake sauya faifai?

Tsohon faifai yana da faranti mai juyawa, yawanci sau 5400 cikin minti ɗaya a irin waɗannan kwamfutoci, da wata allura mai karanta shi. Girgizar mota a kan hanyoyinmu, da faɗuwa, suna lalata shi. Shi kuwa SSD ba shi da abin da ke motsi, ya fi sauri ƙwarai, ya fi jure tafiya. Sauyin yana da amfani, amma juyewa ba kwafar takardu ba ce kawai. Kwamfuta tana da ɗan ƙaramin sashe ɓoyayye a kan faifai, wanda yake nuna mata inda Windows take. Idan wannan sashe bai tafi daidai ba, ko da duk takardu sun tafi, na'urar ba za ta tashi ba.

Dalilai biyar da aka fi gani

Na farko, jerin tashi. Na'urar tana nan tana neman tsohon faifai. Sai a shiga tsarinta na ciki da zarar an kunna: maɓallin F10 a HP, F2 a Dell, F1 ko F2 a Lenovo. A sa sabon faifai a gaba, a adana, a sake kunnawa. Idan sabon bai bayyana a can ba sam, to a kashe, a duba zamansa cikin gurbi, domin faifan M.2 iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma ba kowane gurbi ne yake karɓar dukansu ba.

Na biyu, tagwaye a gida ɗaya. Faifan da aka juye yana iya ɗaukar lambar shaida iri ɗaya da ta asali. Idan an bar su biyu a haɗe, Windows tana rikicewa. A tashin farko a cire tsohon gaba ɗaya, har da wanda aka haɗa ta waya.

Na uku, saɓanin tsari. Akwai tsohuwar hanyar tashi ta BIOS, wadda take tafiya da shirin faifai na MBR, akwai sabuwa ta UEFI, wadda take tafiya da GPT. Idan faifai yana kan ɗaya, na'ura tana kan ɗaya, ba za su gane juna ba. Kafin juyewa a buga msinfo32 cikin Windows, za ta nuna hanyar da ake kai, sai a tabbata ba ta sauya ba.

Na huɗu, sashen tashi ya ɓata ko an manta da shi, domin wasu suna juye sashen C kaɗai. Alamarsa sau da yawa shuɗin allo ne mai lamba 0xc000000e. Maganinsa kile ta USB mai ɗauke da Windows, wadda maƙwabtanmu na Najeriya suke kira filash. A tashi da ita, a zaɓi gyara maimakon sabon sakawa, a gwada gyaran tashi na kai tsaye. Idan bai yi ba, mai gyara zai buɗe diskpart, ya ba ƙaramin sashen nan na FAT32 harafi, misali S, sannan ya buga bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI. A lura, a wannan wuri harafin Windows ba lallai ne ya zama C ba, sai an duba. Idan kuwa sashen babu shi ɗungum, sake juye faifan gaba ɗaya ya fi sauƙi.

Na biyar, saƙon INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Yana fitowa idan an tashi daga SATA zuwa NVMe, ko an sauya tsarin faifai tsakanin AHCI da RAID. A mayar da tsarin yadda yake a da, ko a tashi sau ɗaya cikin yanayin kariya na Windows, domin ta ɗauko abin da take buƙata na sabon faifan.

Gargaɗi ga ma'aikata

Kwamfutocin ofis da dama, da waɗanda aka saya na hannu, suna kulle da BitLocker. Bayan sauyi na'urar tana iya neman mabuɗi mai lamba 48. Wanda bai da shi, babu mai gyaran da zai buɗe masa, a Tawa ko a Kano. A nemo shi, a rubuta a takarda, kafin a taɓa sukurori. Kuma kayan gwamnati ba a buɗe su sai da izinin shugaba.

A tuna kuma kamfanin Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana buƙatar UEFI da TPM 2.0. Wanda faifansa yake kan MBR yana iya mayar da shi GPT da umarnin mbr2gpt, wanda yake cikin Windows 10 tun 2017, amma sai bayan ya ajiye kwafin kayansa a gefe.

Rigakafi ya fi magani

A cika batir kafin a fara juyewa, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana ba da rabin kwafi. A tabbata abin da ke cikin tsohon faifai bai fi ƙarfin sabon ba. Mafi muhimmanci, kada a goge tsohon faifai, kada a sayar da shi, sai sabon ya yi makonni yana aiki lafiya. Kuma idan allo ya tambaya ko a share faifai, amsar ita ce a'a, har sai an tambayi wanda ya sani.

Shi dai mai albasan namu, matsalarsa ta kasance ta huɗu. An gyara sashen tashi, lissafinsa ya dawo cif. Tun daga ranar yake kwafe littafin bashinsa a kile kowace Juma'a, domin SSD ma yana mutuwa, kuma sau da yawa ba ya yin ƙara ko wata alama kafin ya mutu, saɓanin tsohon faifai. Shi ya sa dattijan kasuwa har yanzu ba su jefar da littafin takarda ba.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da amanar da ke hannunmu, amin.