Ƙofar Gida Mai Inuwa Ba Tare Da Ɓarnar Ruwa Ba

A Savelugu damina kan ɗauke a watan Oktoba, sai rani mai tsawo. Ba mu manta da shekarar 2007 ba, sa'ad da ƙarancin ruwa ya tilasta wa jama'a shan ruwan tafki, kurkunu ya kwantar da yara masu yawa. Duk wanda ya shaida haka ba zai tuttular da ruwa a kan ciyawar ado ba.

Ya ku magidanta, mu shimfiɗa tsakuwa a ƙofar gida, mu dasa dogon yaro domin inuwa, zogale domin miya, lalle kuwa ya zama shinge. A dasa su da farkon damina. In sun kama ƙasa, ruwan alwala da muke tarawa a kwano ya wadace su har rani ya wuce. Allah Ya tsare mu daga almubazzaranci, amin.